Cream da Faifan Disraeli Gears: Gwanaye Uku a Ƙarƙashin Linzami

A watan Mayun 1967 wasu samari uku daga Birtaniya suka shiga sutudiyon kamfanin Atlantic da ke birnin Niyok, a daidai lokacin da takardun izinin zamansu a Amurka ke gab da ƙarewa. Cikin kwanakin da ba su kai mako guda ba suka naɗi mafi yawan waƙoƙi 11 da suka fito a watan Nuwamban shekarar a kan faifai mai suna Disraeli Gears. Sunan ƙungiyar Cream, samarin kuwa su ne Eric Clapton mai jita, da Jack Bruce mai jitar bes wanda kuma shi ne babban mawaƙinsu, da Ginger Baker mai ganguna. Faifan bai wuce minti 34 ba gaba ɗayansa, amma ya hau mataki na 5 a jerin faifan da suka fi kasuwa a Birtaniya da mataki na 4 a Amurka, kuma har yau ana lissafa shi cikin tushen kiɗan rok mai nauyi. Masu yabonsa sukan jingina ƙarfinsa ga ɗayan abu uku: ƙarar lasifika, ko gwanintar 'yan yatsun Clapton, ko ƙwayoyin da matasan wancan zamani suka ruɗu da su. Ni a ganina ba a nan sirrin yake ba. Abin da ya ɗaga wannan faifai shi ne an sami mutum uku da kowannensu zai iya cinye fili shi kaɗai, sai ƙarancin lokaci da kunnen mutanen sutudiyo da tsarin gajeriyar waƙa suka tilasta musu yi wa waƙar hidima maimakon yi wa kansu. Ingarman doki sai da linzami, kuma tarihin Cream ya nuna abin da ya faru lokacin da aka sa linzamin da lokacin da aka cire shi.

Kafin a shiga hujja, ya kamata mai karatu ya san irin kiɗan da ake magana a kai. Tushensa shi ne buluz, kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, wanda ya girma a gonakin audugar Misisipi sannan ya bi masu ƙaura zuwa Shikago, inda aka haɗa jita da lantarki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu faifan mutane irin su Muddy Waters da Howlin' Wolf da B.B. King suka riƙa isa Ingila, matasan Landan suka kamu da son su, suna zama da garmaho suna kwaikwayon kowane motsi na tsirkiya. Zuwa tsakiyar shekarun 1960 abu biyu suka sauya wannan kwaikwayo. Na farko shi ne na'urar ƙara sauti ta kamfanin Marshall mai ƙarfin wat 100, wadda idan aka murɗa ta har ƙarshe sai muryar jita ta yi kauri, ta dushe, ta daɗe tana amo. Daga nan aka sami abin da ake kira rok mai nauyi. Na biyu shi ne yayin da ake kira saikedelik, wato zane da sutura da kiɗan da ke ƙoƙarin kwatanta yanayin mafarki da jirkicewar gani da ji, yayin da ya taso tare da ƙwayar LSD a San Faransisko da Landan. Cream ta tsaya ne a mahaɗar waɗannan hanyoyi uku, buluz da nauyi da mafarki, kuma Disraeli Gears ne wurin da suka haɗu ba tare da ɗaya ta danne sauran ba.

Su wane ne waɗannan mutane? An haifi Baker a kudancin Landan a 1939, kuma a jaz ya fara, a hannun Phil Seamen, wani gwanin ganguna da ya zaunar da shi ya saurari faifan kiɗan gangunan Afirka. Bruce ɗan Sikotland ne, haifaffen 1943, ya yi karatun selo, wato babban gogen Turawa, a makarantar koyon kiɗa ta Gilasgo, kafin ya bar ta ya bi jaz. Clapton, wanda aka haifa a 1945, ya fita daga ƙungiyar Yardbirds a 1965 saboda yana ganin ta saki buluz ta kama waƙoƙin neman kasuwa, ya koma wurin John Mayall, inda sunansa ya cika Landan tun yana ɗan shekara 21. Lokacin da Baker ya nemi Clapton su kafa ƙungiya a 1966, Clapton ya ce sai in da Bruce. Sharaɗin ya yi wa Baker nauyi, domin shi da Bruce sun zauna tare a ƙungiyar Graham Bond, sun yi rigima har a kan dandali gaban jama'a, kuma Baker ne ya kori Bruce daga can. Duk da haka suka amince, suka fito fili a bikin kiɗa na Windsor ranar 31 ga Yulin 1966. Sunan da suka zaɓa yana nufin zaɓaɓɓu cikin zaɓaɓɓu, kuma ya nuna yadda suke kallon kansu. An ce ba a sarki biyu a gari ɗaya, to a nan uku aka tara, biyu daga ciki ba sa ga maciji.

Ƙungiyar mutum uku tana da wata matsala da mai sauraro ba ya lura da ita sai an nuna masa. A ƙungiyar mutum huɗu ko biyar, idan mai jita ya saki rakiya ya shiga kiɗan nuna gwaninta, akwai jita ta biyu ko fiyano da ke riƙe masa ƙasa. A Cream babu kowa a bayan Clapton sai bes da ganguna. Don haka dole Bruce ya bar aikin da aka san mai bes da shi, na tsayawa a baya yana ƙirga bugu, ya riƙa jan nasa kari kamar jita ta biyu, Baker kuma ya cike sauran gurbin da manyan gangunan ƙafa guda biyu maimakon ɗaya. Wannan tsari yana ba da faɗi da 'yanci, amma yana buɗe ƙofar kowa ya yi gaban kansa. Faifansu na farko, Fresh Cream, wanda ya fito a Disambar 1966, ya nuna ƙwarewa ba tare da alƙibla ba: kusan rabinsa tsofaffin waƙoƙin buluz ne da aka sake yi, sauran kuma gwaje-gwaje ne da ba su gama nuna ba. Ana cikin haka Jimi Hendrix ya sauka Landan daga Amurka, ya hau dandali tare da Cream ranar 1 ga Oktoban 1966, ya yi abin da ya girgiza Clapton. Daga ranar ya tabbata cewa iya buluz kawai ba zai wadatar ba. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

A Niyok suka haɗu da mutum uku da ba sa jin tsoron sunansu. Ahmet Ertegun, ɗan asalin Turkiyya mai kamfanin Atlantic, ya ɗauki Cream a matsayin ƙungiyar buluz da Clapton zai jagoranta, kuma da farko bai yi na'am da waƙoƙin Bruce ba. Tom Dowd, injiniyan sauti, ya riga ya naɗi Ray Charles da John Coltrane da Aretha Franklin, kuma yana aiki da na'ura mai layi takwas a lokacin da Beatles ke haɗa Sgt. Pepper da mai layi huɗu a Landan. Na ukun shi ne Felix Pappalardi, matashin furodusa mai ilimin kiɗa. Aikinsa na farko ya isa misali. Cream sun naɗi wata tsohuwar waƙar buluz mai suna "Lawdy Mama", Pappalardi ya tafi da kaset ɗin gida, shi da Gail Collins suka sa mata sababbin baitoci da sabon kari, ya dawo ya sa Clapton ya rera da siririyar murya a kan kiɗan da aka riga aka naɗa. Abin da ya fito shi ne "Strange Brew", waƙar da ta buɗe faifan, wadda ba ta kai minti uku ba. Ƙashin bayanta buluz ne tsantsa, kuma kiɗan jitar da ke tsakiyarta a salon Albert King yake ƙarara, amma fatarta ta waƙar rediyo ce. Da an bar Cream su kaɗai, da sun yi ta buga "Lawdy Mama" yadda suka same ta. Wani ne daga waje ya ga waƙar da ke ɓoye a ciki.

Babbar hujjar tana cikin waƙa ta biyu, "Sunshine of Your Love". Bruce ne ya ƙirƙiro gindin kiɗanta bayan ya kalli wasan Hendrix a Landan a farkon 1967, Pete Brown ya rubuta baitoci, Clapton ya ƙara amshi. Gindin nan sauti goma ne kacal, suna gangarowa daga sama zuwa ƙasa, a maimaita su, a ɗaga su, a dawo da su, bisa tsarin buluz da aka shimfiɗa ya ninka tsawonsa. Abin lura shi ne jita da bes suna faɗin abu ɗaya a lokaci ɗaya. Mutum biyu da kowannensu ke iya zuba sauti ɗari cikin daƙiƙa kaɗan suka yarda su taka sawu ɗaya, kuma daga wannan haɗuwa nauyin ya fito. Sai ganguna. A kiɗan rok an saba ƙarfafa bugu na biyu da na huɗu cikin kowane zagaye na bugu huɗu. A nan Baker ya juya abin, ya ɗora nauyin a kan na ɗaya da na uku, ya kuma buga a kan ganguna masu zurfin murya maimakon faranti masu ƙara. Dowd ya ce shi ya ba da shawarar, Baker ya ce tasa ce, amma ko ta wane ne, sakamakon ɗaya ne: waƙar tana tafiya da takun ƙasaita, ba ta gudu. Da Clapton ya zo nuna gwaninta sai ya fara da karin wata tsohuwar waƙar soyayya ta Amurka, "Blue Moon", a hankali, kamar mai magana. Waƙar minti huɗu ce da 'yan daƙiƙoƙi, ita ce mafi tsawo a faifan, ta kai mataki na 5 a Amurka a 1968, kuma an sayar da kwafinta sama da miliyan ɗaya.

Ɓangaren mafarkin ma da dabara aka gina shi. Baitocin "Tales of Brave Ulysses" na Martin Sharp ne, mai zane ɗan Ostireliya, wanda kuma shi ya zana bangon faifan da launuka masu ɗaukar ido. Ya ɗauko labarin jarumin tsohuwar Girka da ya ɓace a teku. Don a ji ruwan a cikin kiɗa, Clapton ya yi amfani da wata sabuwar na'ura da ake takawa da ƙafa, wah-wah, wadda ke buɗe muryar jita tana rufe ta kamar baki, kuma wannan na cikin karon farko da aka ji ta a faifan rok. A wasu waƙoƙin ya murɗe makunnin kaifin sauti na jitarsa Gibson har ƙasa, ya bar na'urar Marshall a buɗe, sai amon ya fito da kauri da santsi kamar na goge. A "We're Going Wrong", wadda Bruce ya rubuta, kusan babu abin da ke faruwa sai murya mai tashi sama a hankali da gangunan Baker da ke birgima a ƙarƙashinta kamar tsawa daga nesa, jita kuma ba ta cewa komai sai can wajen ƙarshe. Wannan waƙa ita ce shaida mafi ƙarfi cewa mutanen nan sun san darajar shiru. "Take It Back" kuwa ta taɓo fargabar samarin Amurka da ake tura wa takardar kiran soja zuwa Biyetnam. Ko sunan faifan daga raha ya fito: wani mai ɗaukar musu kaya ne ya so ambaton giyar keken tsere, harshensa ya karkace ya kira sunan Benjamin Disraeli, firaministan Birtaniya na ƙarni na 19.

Masoyan Cream da yawa ba za su yarda da wannan bayani ba. Za su ce ainihin Cream a kan dandali take, ba a sutudiyo ba, kuma Disraeli Gears hoto ne na zaki a keji. Hujjarsu tana da ƙarfi. Daga watan Agustan 1967, lokacin da ƙungiyar ta yi jerin wasanni a zauren Fillmore na San Faransisko, ta gano cewa jama'a a shirye suke su saurari waƙa ɗaya ta minti 15 ko 20, sai suka shiga ƙirƙirar kiɗa nan take irin na mutanen jaz, da ƙarar da jaz bai taɓa sani ba. Faifansu na uku, Wheels of Fire na 1968, mai faranti biyu, ya kai mataki na 1 a Amurka, kuma rabinsa daga dandali aka naɗo shi. A ciki akwai "Spoonful" mai kusan minti 17, da "Toad" mai kimanin minti 16, wadda mafi yawanta gangunan Baker ne shi kaɗai. Babu mai musun cewa wannan sabon abu ne a lokacin, kuma shi ya koya wa masu kiɗan rok cewa mai kayan kiɗa yana iya zama tauraro ko da bai buɗe baki ba.

Sai dai a duba abin da ya wanzu daga wancan faifai. Waƙar dandalin da kowa ke komawa gare ta ita ce "Crossroads", wadda asalinta ta Robert Johnson ce, kuma minti huɗu ce da kaɗan, wato ita ce mafi gajarta kuma mafi tsari a cikinsu. Ɗayar da ta yi fice, "White Room", a sutudiyo aka gina ta tare da Pappalardi. Sannan a duba abin da dogon kiɗan ya yi wa ƙungiyar kanta. Bruce ya riƙa ƙara ƙarar lasifikarsa, Baker yana kukan ba ya jin kansa kuma kunnuwansa na lalacewa, kowane dare ya zama gasar wa zai rufe wa. Clapton ya ba da labarin wani wasa da ya daina bugawa a tsakiyar waƙa, sauran biyun ba su ma lura ba. A watan Mayun 1968 Jon Landau ya rubuta a mujallar Rolling Stone cewa Clapton gwani ne wajen maimaita tsofaffin salon buluz da kowa ya sani, kuma Clapton ya amsa daga baya cewa sukan ya yi masa zafi ne saboda akwai gaskiya a ciki. A shekarar ya ji faifan Music from Big Pink na ƙungiyar The Band, inda babu mai neman ya fi wani, sai ya ji abin da yake yi ya fita ransa. Ranar 26 ga Nuwamban 1968 suka yi wasan ban kwana a zauren Royal Albert Hall na Landan, shekara biyu da wata huɗu bayan fitowarsu. 'Yancin da ake yaba wa shi ne ya ci ƙungiyar.

Suka ta biyu ta fi kusa da zuciyar iyaye: ai wannan kiɗan 'yan ƙwaya ne, yabonsa kuwa yabon shaye-shaye ne. Ba za a ɓoye cewa mutanen nan sun yi mu'amala da ƙwaya ba, kuma kalmar saikedelik kanta daga duniyar LSD ta fito. Amma a tambayi wane ɓangare na faifan ƙwaya ta yi. Ba ita ta koya wa Bruce karatun kiɗa a Gilasgo ba, ba ita ta zaunar da Clapton shekara da shekaru yana bin faifan B.B. King da Freddie King sauti bayan sauti ba, ba ita ta ba Dowd sanin inda zai kafa makirufo gaban lasifikar da ke neman fasa bango ba. Naɗar waƙoƙi kusan goma cikin 'yan kwanaki aikin masu natsuwa ne. Inda aka ga hannun ƙwaya a fili kuwa, ɓarna aka gani. Syd Barrett, jagoran Pink Floyd na farko, ya kasa ci gaba da aiki a 1968. Hendrix ya rasu a 1970 yana da shekara 27. Baker ya yi shekaru masu yawa yana fama da ƙwayar heroin, Clapton ma ta ɗauke shi daga fage kusan shekara uku a farkon shekarun 1970, giya ta karɓe shi bayan nan, kuma da ya tsira sai ya kafa cibiyar jinyar masu shaye-shaye a tsibirin Antigua a 1998. Duk matashin da ya ɗauka a cikin kwalba ko ƙwaya ake samun fasaha, tarihin waɗannan mutane ya ƙaryata shi.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ba ta da amsa mai sauƙi. Turawa uku sun ɗauki kiɗan da baƙaƙen fata suka ƙirƙira cikin talauci da wariya, suka yi arziki da shi, alhali masu shi da yawa sun mutu ba su da ko sisi. Wannan gaskiya ce, kuma tsarin kasuwar ne ya sa haka, domin gidajen rediyon Amurka da ba sa saka Howlin' Wolf sun saka Cream hannu bibiyu. Abin da za a iya faɗa don kare Cream shi ne ba su ɓoye inda suka ɗebo ba. A Disraeli Gears sun sa sunan Blind Joe Reynolds a kan "Outside Woman Blues", waƙar da ya naɗa tun 1929. A faifan farko sun sa sunan Skip James a kan "I'm So Glad", kuma kuɗin haƙƙin mallakar da ya samu daga nan sun taimaka masa wajen jinya kafin rasuwarsa a 1969. Sun sa sunan Willie Dixon a kan "Spoonful", alhali shi Dixon sai da ya kai Led Zeppelin kotu a 1985 kafin a amince da haƙƙinsa a wata waƙar. B.B. King ya sha faɗin cewa samarin Birtaniya sun buɗe masa ƙofofin da suka daɗe a rufe. Duk da haka akwai tabon da ba ya gogewa: a 1976, a kan dandali a Birmingham, Clapton cikin maye ya zagi baƙi 'yan ci-rani ya goyi bayan ɗan siyasar nan Enoch Powell, abin da ya jawo kafa gangamin Rock Against Racism. Ya nuna nadama daga baya, amma mutumin da ya ci abinci da kiɗan baƙar fata bai da uzurin furta irin wannan magana.

Baker ya bi wata hanya dabam, kuma a nan labarin Cream ya taɓo Najeriya. Ya san Fela Kuti tun Fela na ɗalibi a kwalejin kiɗa ta Trinity a Landan. A 1971 ya ratsa hamadar Sahara da mota daga Aljeriya zuwa Najeriya, tafiyar da Tony Palmer ya ɗauka a fim, kuma a shekarar aka fitar da faifan da ya yi tare da Fela da ƙungiyarsa Africa 70. Ya kafa sutudiyo mai layi 16 a Ikeja, wanda ya fara aiki a 1973, har Paul McCartney ya naɗi waƙa ɗaya a can lokacin da yake haɗa Band on the Run a Legas. Ya kuma kafa ƙungiyar Salt da matasan Najeriya, ciki har da tagwayen nan Lijadu Sisters, kuma daga cikinta aka sami Berkely Jones da Laolu Akins, waɗanda tare da Mike Odumosu suka kafa BLO, ƙungiyar mutum uku mai jita da bes da ganguna. A 1978 ya zauna gefen Tony Allen, mai gangunan Fela, a bikin jaz na Balin, suka yi ta musayar bugu. Wannan bai biya bashin da rok ke ɗauke da shi ba, amma ya nuna cewa gangunan da ake ji a "We're Going Wrong" ba ado ba ne da aka ara don yayi. Mai su ya san inda suka fito, ya kuma je can ya zauna a matsayin mai koyo.

Saura suka ta huɗu, ta masu cewa faifan bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Za su nuna "Blue Condition", inda Baker ya rera da muryar da ba ta waƙa ba ce, da "Mother's Lament", wata tsohuwar waƙar barkwanci ta gidajen wasan Landan da suka rufe faifan da ita. Za su ƙara da cewa a shekarar 1967 ɗin Hendrix ya fitar da Are You Experienced, wanda ya fi shi ƙarfin hali. Duka biyun gaskiya ne. Waƙoƙin nan biyu ba su kai sauran ba, kuma a fagen sarrafa jita Hendrix ya yi wa kowa nisa, Clapton da kansa bai taɓa musun haka ba. Amma abin da Hendrix ya yi nasa ne shi kaɗai, jagora ɗaya da mabiya biyu, kuma baiwa irin tasa ba a koyar da ita. Abin da Cream ta bari tsari ne da wani zai iya ɗauka ya yi gini a kai: gajeren gindin kiɗa mai nauyi, jita da bes a sawu ɗaya, ganguna masu magana, da murya a sama. A kan wannan tsari Black Sabbath da Led Zeppelin da Deep Purple suka tashi, Pappalardi ya kafa ƙungiyar Mountain a 1969 a kansa, ƙungiyoyin mutum uku irin su Rush da ZZ Top suka bi sahu. Hendrix ma ya shaida: a Janairun 1969, ana nuna shi kai tsaye a talabijin ɗin BBC, ya katse tasa waƙar ya kama "Sunshine of Your Love" don girmama Cream da ta watse.

An shigar da Cream zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a 1993, an shigar da Disraeli Gears zauren girmamawa na Grammy a 1999, kuma su ukun sun sake haɗuwa a 2005, dare huɗu a Royal Albert Hall da dare uku a Niyok, inda tsohuwar rigimar Bruce da Baker ta sake ɗagowa. Bruce ya rasu a 2014, Baker a 2019. Kowannensu ya yi aiki fiye da shekara 40 bayan Cream, da cikakken iko a kan abin da zai buga da tsawon da zai buga shi, kuma Clapton ya sami ɗaukakar da ta fi ta da. Amma Bruce bai sake rubuta waƙar da ta zagaya duniya kamar "Sunshine of Your Love" ba, Baker bai sake samun waƙoƙin da suka dace da gangunansa kamar waɗannan ba, kuma masu jita har yau sautin Clapton na 1967 suke nema su kwaikwaya. Yau da kwamfuta ta ba kowane matashi layin naɗar sauti marar iyaka da lokaci marar iyaka a cikin ɗakinsa, abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai saurara ya ce a rage nan, a yi shiru can, waƙar ta ƙare. Duk mai son ya yi aikin da zai daɗe, a kiɗa ko a wata sana'a, ya nemi irin wannan mutum, kuma idan ya same shi ya ji maganarsa.